Ɗiyata, mai tufatar da wata ba baiwa ba ce

Ɗiyata,

Saƙonki ya same ni bayan la'asar, ina zaune gaban keken ɗinki. Sai da na saurare shi sau biyu, don a karon farko kukan da ya maƙale miki a wuya ya hana ni jin maganar. Kin ce kin samu sitaji, wato koyon aiki, wajen wata mai zanen tufafi a Yamai, kuna shirin defile, bikin da ƴan mata ke sa tufafi suna nunawa gaban jama'a, amma sati uku ke nan ko almakashi ba a bari kin taɓa ba. Guga, aike, ɗaukar kaya, kuma ranar bikin za a ajiye ki bayan labule kina sa wa wasu ƴan mata riga kina cire musu takalmi. Babanki kuma ya ce ɗiyar gidanmu ba ta durƙusa wa kowa ta ɗaura masa takalmi. Shi ne kike tambaya ko a al'adarmu wannan koyon sana'a ne ko wulaƙanci.

Bari in soma da babanki, tunda ƙanena ne, ni na goye shi. Takalmin ba shi ne damuwarsa ba. Yana saurayi aka yi rigimar shekarar 2000, lokacin da mai zanen tufafin nan Alphadi ya kawo FIMA, bikinsa na nuna tufafin Afirka, Yamai, bayan na farko da ya yi a 1998 cikin hamada, a Tigidit ta wajen Agadas. Ƙungiyoyin addini suka fito suka ce ba su yarda ba, aka yi tarzoma a Yamai da Maraɗi, har gwamnati ta rusa wasu ƙungiyoyi. Tun daga nan, in aka ce defile, abin da kunnen mutanenmu na Tawa ke ji shi ne tsiraici. Kada ki tsaya gardama da shi. Ki nuna masa hotunan kayan da kuke ɗinkawa, ki gaya masa ƙarfe nawa kike tashi da wanda ke maido ki gida. In akwai abin da ke kanki kike jin kunyar nuna masa, to wannan kuma tambaya ce da za ki yi wa zuciyarki, ba ni ba.

Yanzu ga ainihin maganar. Kin taɓa ganin amaryar da ta shirya kanta? A bikin yayarki, wa ya zauna da ita cikin lalle, wa ya yi mata wanka, wa ya naɗa mata zane ya gyara lulluɓi kafin a fito da ita? Arwanka ce da ƙawaye. Ba a ɗauko kowace mace a titi a ce ta yi arwanka. Ana neman wadda hannunta ya iya, bakinta kuma yake rufe, don ita za ta ga amarya yadda ko uwar miji ba za ta gan ta ba. Wanda ya zo kallo amarya yake gani, amma dangi sun san hannun da ya fito da ita. Aikin da aka ba ki bayan labule shi ne wannan, sai dai amarenki sun yi yawa kuma suna gudu.

Na taɓa shiga bayan labulen nan sau ɗaya, shekarar da muka kai kayan fata da ɗinki baje kolin mata na SAFEM a Yamai, wata ƙawata ta roƙe ni in kama mata. Abin da na gani ban manta ba. Kowace yarinya mai nuna kaya tana da maratayinta, an liƙa hotonta da lambar fitarta, riga ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kowace da takalminta da ƴan kunnenta a ƙulle cikin leda. Tana dawowa daga gaban jama'a tana haki, kafin ki ƙirga ɗari dole ta sāke kaya ta koma layi. Mai tufatarwa ta riga ta zuge zif, ta ɓalle maɓallai, ta buɗe wuyan riga tana jira. Sai ta yafa wa yarinyar ɗankwali mai shara-shara a fuska kafin ta zura mata rigar, don kada hoda da jan baki su ɓata farar shadda. Wata na gani da allurai uku a soke a ƙirjin rigarta, kowace da zarenta, fari da baƙi da ruwan ƙasa. Ɗinki ya ɓalle wa wata yarinya a hammata, tana tsaye a layi aka kama shi, ko juyowa ba ta yi ba. Na ce a raina, wannan ta fi ni iya allura, ni da na shekara ashirin a kan keke.

To ki shirya kamar ita. Tun ranar gwaji ki haddace wace riga ake sawa ta ka, wace ake shiga ta ƙafa. Ki ƙirga kaya lokacin da aka damƙa miki, ki sake ƙirgawa kafin ki mayar, har ɗan kunne ɗaya, domin in abu ya ɓace ƴar koyo ake fara kallo. Wayarki kuma ta zauna cikin jaka. Yarinyar da ta tuɓe gabanki amana ta ba ki. Tabon da kika gani a jikinta, ko kukan da ta yi don an yi mata tsawa, a nan za ki bar su. Haka rigar da ba a fito da ita ba tukuna, ba a ɗaukar hotonta a tura wa ƙawaye. A wajenmu, ko kayan lefe ba a buɗe wa maƙwabta kafin ranarsu.

Gugar da kike rainawa kuwa, da ita na soma. Shekarata guda wajen matar da ta koya mini ɗinki ina hura gawayi a dutsen guga. Wata rana ana jibi salla, garwashi ya faɗo ta ramin dutsen ya huda gaban rigar wata hajiya, daidai kan surfani. Ban ci abincin dare ba. Uwar ɗakina ba ta doke ni ba, ta zaunar da ni har asuba na warware aikin na sāke shi yadda fure ya rufe ramin. A hannu ake sanin yadi, ɗiyata. Mai guga ce ke fara gane wanda ke jan jiki in ya ji wuta, da wanda ba ya son ruwa, da shaddar da ba a kai mata dutse sam sai dai a kai ta wajen masu bugu. Wadda ba ta san wannan ba, in an ba ta almakashi ɓarna za ta yi.

Amma kada ki ji na ce ki haƙura da komai. Al'adar da ta ce yaro ya yi wa maigida hidima, ita ce ta ɗora wa maigida nauyi. Uwar ɗakina ta ci da ni, in na yi dare ta haɗa ni da mai rakiya, da salla ta ɗinka mini, kuma kowane wata akwai sabon abin da take nuna mini. Ranar da ta sallame ni ta tara mutane, ta sa mini albarka, ta ba ni almakashin da har yau nake yanka da shi. Masu ɗaukar ƴan sitaji na yanzu, wasunsu sun riƙe rabin al'adar da ya yi musu daɗi sun yar da sauran. Ba a biyan ki, na ji. Amma kuɗin taksi da abincin rana ba roƙo ba ne, haƙƙi ne. Ki samu uwar ɗakinki ita kaɗai, ba gaban ma'aikata ba, kuma ba cikin satin bikin ba lokacin da kanta ya ɗau zafi. Ki gaishe ta, ki tambayi ranar da sitajin zai ƙare, da abin da za ta koya miki bayan defile, da takardar shaidar da za ta ba ki. In aiken ya koma wankin ƴaƴanta da cefanen gidanta, ko wani namiji a wurin ya soma yi miki maganar da ba ta aiki ba, ki tattara ki fito, ni zan tsaya miki gaban babanki.

Na ba direban da ke zuwa ranar Laraba ƙullin kilishi da jikka biyar, da ƙaramin almakashina na yanke zare. Ki ɗaura masa igiya ki rataya a wuya, don a bayan labule duk abin da kika ajiye ƙasa ya tafi. Babanki zan je in same shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ki gaida mutanen gidan da kike zaune, ki kuma turo mini hoton rigar da aka yi da saƙar tera-tera da kika ambata, ina son in ga yadda suka kama bakinta.

Innarki, daga Tawa.