Amsa ga mai tambaya kan Africa University ta Zimbabuwe

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wannan jami'ar ta horar da fastoci ce kawai, da kuma ko digirinta zai yi wa ɗiyarka amfani in ta dawo Jalingo.

Ba makarantar fastoci ba ce. Babban taron cocin United Methodist na 1988 ne ya amince a kafa ta, aka buɗe a 1992 a Old Mutare, kimanin kilomita 17 daga garin Mutare. Da tauhidi da aikin gona aka fara, shi ya sa mutane suke mata wannan kallon. Yanzu ana karanta kasuwanci, kiwon lafiya, koyarwa, kwamfuta, da zaman lafiya da shugabanci. Akwai ɗakin sujada na Kwang Lim a harabar, wanda wani coci na Koriya ta Kudu ya ɗauki nauyin ginawa, amma ba sai ɗan Methodist ake ɗauka ba.

Coci ne mai ita, sai dai hukumar daraktoci ce ke tsara manufa, shugaban jami'a, Farfesa Peter Mageto ɗan Kenya, yana gudanar da harkokin yau da kullum. Ingancin kwasa-kwasai kuwa hukumar ZIMCHE ta gwamnatin Zimbabuwe ce ke dubawa. Ofishin tara gudummawa yana Nashville a Amurka, kuma ta nan yawancin tallafin karatu ke fitowa.

Inda iyaye ke yin tuntuɓe shi ne kuɗi. Da dalar Amurka ake lissafi, naira na faɗuwa kuɗin zango ya haura. Kada ka sayi tikiti kan alkawarin baki cewa "coci zai biya". Ka karɓi takardar tallafi a rubuce, ka duba ko ta haɗa da ɗakin kwana da abinci ko kuɗin karatu ne zalla. Haka sakamakon WAEC: tura musu, su amsa a rubuce cewa ya isa ga kwas ɗin, don tsarin can ya saba da A-Level, wato jarrabawar da ke gaba da matakin WAEC.

Sai izinin zama na ɗalibi da katin rigakafin shawara. A sa mata rigunan sanyi masu kauri, domin Mutare kan tudu take, sanyin Yuni da Yuli ba wasa.

In ta gama, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardunta kafin bautar ƙasa. In fannin lafiya ta karanta, akwai kuma rajista da majalisar sana'ar kafin ta taɓa mara lafiya, don haka a tambayi majalisar tun kafin a biya kuɗin zangon farko.