Ƙanwata, nemi abokan tafiya kafin ki nemi farfesa

Saƙonki ya iso. Kin ce kin samu gurbi a LSHTM, makarantar nazarin lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan, za ki yi digiri na biyu kan binciken lafiyar haihuwa da ta jima'i. Abu biyu ke damunki: abin da dangi za su ce in sun ji sunan kwas ɗin, da wanda za ki riƙa tattauna aikinki da shi a nan.

Na farkon ba shi da wuya. Ki ce musu lafiyar mata da haihuwa kike karantawa, kuma gaskiya kika faɗa. Duk wanda ya taɓa raka 'yar uwa asibitin Babbar Ruga a Katsina saboda yoyon fitsari ya san amfanin wannan ilimi.

Na biyun ne nake so ki ba shi hankalinki. Aikinmu yana da nauyin da ba ya fitowa a takarda. Za ki zauna da mace ta ba ki labarin fyaɗen da aka yi mata, ko yarinyar da ta kwana biyu tana naƙuda a gida har ɗan ya mutu a ciki, sannan ki koma ɗaki ki yi ta sauraren muryarta domin ki rubuta, ki fassara. Ga hunturun Landan, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. In ba ki da mutum biyu ko uku masu irin aikinki da za ki zauna da su ki amayar da abin da ke ranki, ba tare da kama sunan kowa ba, abin zai ci ki a hankali. Ƙungiyar SVRI, mai haɗa masu binciken cin zarafin mata, wadda cibiyarta ke Afirka ta Kudu, ta fitar da jagora a 2015 kan yadda irin waɗannan labarai ke taɓa mai binciken shi kansa. Ki karanta shi tun kafin hirarki ta farko.

Sababbin ɗalibai sukan ɗauka cewa sanin mutane shi ne gaisawa da manyan farfesoshi a taro. Yana da amfani, amma wadda za ta turo miki sanarwar aiki da tsakar dare, ta duba rubutunki kafin ki miƙa, ta raba kuɗin masauki da ke in kun je taro, ita ce 'yar ajinku daga Malawi ko Bangladesh ko Kenya. Su ma daga gidajen kunya suka fito, sun san yadda ake tambayar dattijuwa maganar aure ba tare da an ci mutuncinta ba. Ki riƙe su da kyau. A aji kuwa za ki ji ra'ayoyin da suka saɓa wa tarbiyyarki. Ki saurara, ki faɗi naki cikin mutunci, ba dole ki amince da komai ba.

Game da taruka, bizar Amurka da ta Turai tana wahalar da mai fasfo ɗin Najeriya, don haka ki fi sa ido kan waɗanda ake yi a Afirka. Babban taron duniya kan tazarar haihuwa a Kampala aka fara shi a 2009, an kuma yi shi a Kigali a 2018. Irin waɗannan taruka sukan tallafa wa wasu ɗalibai da kuɗin tafiya in an karɓi taƙaitaccen bayanin bincikensu, saboda haka ki tura ko da kina ganin aikinki ƙarami ne.

Kada kuma ki saki mutanen gida. Cibiyar ACEPHAP a Jami'ar Bayero da APHRC a Nairobi, masu binciken lafiyar al'umma, wurare ne da ya kamata su san sunanki tun kina ɗaliba. Ranar da za ki koma gida tattara bayanai, izinin kwamitin ɗa'ar bincike da amincewar ungozoma da ma'aikatan jinya daga hannun waɗanda kika riƙa gaisarwa za su fito.

Kafin ki taso a watan Satumba, ki turo min batun da kike son yin bincike a kai, ko da layi biyar ne. Muna da ɗan zaure a WhatsApp na 'yan Arewa da 'yan Nijar masu wannan aiki, zan saka ki, su duba miki shi.