Zan aurar da 'yata a Jos: wane mai hoto zan ɗauka, kuma yaya zan biya shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina da shagon atamfa da leshi a titin Ahmadu Bello, kusa da Terminus a Jos. Zan aurar da 'yata ta fari a watan Agusta in Allah ya kai mu. Taro huɗu za a yi: kamu, ɗaurin aure, walima, sai kai amarya Bukuru. Masu hoto uku sun ba ni farashi. Wani yaro a unguwarmu ya ce naira 120,000. Wani mai situdiyo a nan gari ya ce 400,000, har da bidiyo da albam. Na ukun yana Abuja, amarya da ƙawayenta ne suka gano shi a Instagram, ya ce 950,000 ban da kuɗin mota da masauki, kuma sai an biya duka kafin ya taso. Ni 350,000 na ware wa hoto, in zan ɗauki na Abuja sai na taɓa jarin shago. Uwar yarinya kuma ta ce ba ta yarda namiji ya shiga cikin mata da kyamara ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Maganar jari ita ce mai sauƙi, bari mu fara kawar da ita. Kada ka taɓa shi. Tsakanin abin da ka ware da abin da na Abuja ya nema akwai naira 600,000, kafin a zo kan mota da masauki da abincin yaransa. Kuɗin nan in yana shago juyawa yake yi, in ya tafi biki ya tafi ke nan. Ka kuma duba lokacin: ana gama bikinka a Agusta, watannin ƙarshen shekara sun kawo kai, lokacin da bukukuwa da Kirsimeti ke sa masu atamfa da leshi ciniki a Jos. Ba lokacin da za ka so ganin kantarka da giɓi ba ne. Saboda haka 350,000 ɗin nan shi ne iyakarmu, a cikinsa za mu nemo mafi alheri.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka. Idan mace ta shigo shagonka sayen atamfa, warware turmin take yi, ta murza, ta duba rubutun bakin zanen ta ga ko 'yar Holan ce ta gaske, sannan ta ciro kuɗi. In ta je gida ta ga aibi, tana iya dawo maka da shi. A cinikin hoto kuwa kuɗi kake bayarwa a kan kayan da ba a riga an yi ba, kuma in ya lalace babu mai sake tara maka jama'a a ɗaura auren karo na biyu. Don haka tambayar da ta fi "nawa ne?" nauyi ita ce, ta yaya zan ga ingancin aikin mutumin nan kafin ranar, kuma me zai rage a hannuna da zai sa ya cika alkawari bayan ranar?

Hotunan da kowa ke sawa a Instagram zaɓaɓɓu ne, ƙila goma daga cikin ɗaruruwa, kuma yawancinsu an ɗauke su ne a natse, amarya ita kaɗai, haske ya daidaita. Biki ba haka yake ba. Ka ce wa kowanne cikin ukun ya nuna maka aikin biki guda ɗaya cikakke, tun daga farko har ƙarshe, bikin Hausawa irin naka da aka yi a cikin gida da zaure da ƙofar masallaci. Ka zauna da Hajiya ku duba a babban allo, kada ku tsaya a waya. Ku dubi hotunan da aka ɗauka a ɗaki da yamma: fuskoki sun fito, ko sun yi dishi-dishi? Ku dubi dattawa masu farar shadda a rana: aikin babbar rigar yana nan, ko fari ya cinye shi? Ku dubi launin fatar amarya. Akwai masu gyaran hoto da ke wanke yarinya baƙa kyakkyawa har kakarta ta kasa gane ta, kuma ni wannan ɓarna nake ɗaukarsa, domin nan da shekara ashirin 'ya'yanta fuskar uwarsu za su nema. Sannan ku dubi ɗaurin auren kansa. Abu ne na 'yan mintoci, waliyyi da wakili su yi siga, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, jama'a su miƙe. Wanda bai san tsarin ba, kafin ya gyara tsayuwa an watse. In mai hoto ya yi ta kwana-kwana ya ƙi nuna cikakken aiki, ka samu amsarka. In ya nuna, ka roƙi ya haɗa ka da gida ɗaya da ya yi wa aiki, ka tambaye su abu biyu kawai: ya zo a kan lokaci, kuma wata nawa suka jira albam?

Akwai gwajin da ya fi wannan, kuma ba shi da tsada. Tunda 'yar fari ce za ta bar gida, ka sa a yi muku hoton iyali kafin biki, kai da Hajiya da yara duka. Ka ba wanda zuciyarka ta fi karkata gare shi wannan ƙaramin aikin. A yini ɗaya za ka ga ko yana cika lokaci, yadda yake magana da manya da mata, haƙurinsa da ƙananan yara, da kwana nawa zai ɗauka ya kawo hoto. Ko ba don gwaji ba, hoton nan zai yi muku daraja, don ba kullum za ku sake haɗuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya ba.

Ka yi masa tambayoyin kayan aiki, ko da ba ka san kyamara ba. Kyamara nawa zai zo da su? Tana ajiye hoto a mimori biyu lokaci guda, yadda in ɗaya ya lalace ɗayan na nan? A ina zai kwafe hotunan a daren ranar? Yana da fitilunsa da batura na kansa? Agustan Jos ka san shi: hadari, ruwa, rana ta ɓuya tun azahar, taron da aka shirya a tsakar gida ya koma falo, ga wuta ba tabbas. Mai hoton da ya dogara da hasken rana kaɗai zai sha wuya, ku ma ku sha.

Maganar Hajiya kuwa gaskiya ce, kuma ba matsala ba ce a garin nan. Jos ce mazaunin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta ta koyon aikin fim, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield, saboda haka ba a rasa waɗanda suka koyi kyamara a aji, maza da mata. Ka gindaya wa mai situdiyo sharaɗi cewa mace ce za ta ɗauki kamu da duk abin da za a yi a cikin mata, kuma ku ga aikinta ita ma, kada a ɗauko wata a rataya mata kyamara da safe. Ka tambayi wanda zai zauna ya gyara hotunan matan a kwamfuta, domin mutane da yawa suna hana namiji shiga ɗaki, su manta cewa hotunan a gabansa za su ƙare.

Game da yaron unguwa, ban raina shi ba, kowane gwani daga nan ya fara. Abin da ke damuna shi ne 120,000 a taro huɗu. Ka cire kuɗin mota, hayar fitila, wankin hoto da ladan mataimaki, ka ga abin da ya rage masa. Farashin da ba ya biyan mai aiki, a wani wuri za a cike gurbinsa, ko dai ya zo da kyamara ɗaya shi kaɗai, ko ya karɓi wani bikin a rana guda. In kuma aiki ya ɓaci, ɗan maƙwabci ne, kunya ba za ta bar ka ka nemi haƙƙinka ba. In kana son ƙarfafa masa, ba shi ɓangaren maza a wurin walima a kan kuɗi kaɗan, amma kada nauyin bikin duka ya hau kansa.

Na Abuja, ba na cewa farashinsa zalunci ne. Kyamara da gilasanta da dala ake sayo su, kuma tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a Yunin 2023 komai nasu ya tashi, ga kwanakin da ake kashewa a gyara. Abin da ban yarda da shi ba shi ne biyan duka ga mutumin da ba ka taɓa gani ba. Akwai shafukan da ke kwashe hotunan wasu su ce nasu ne. Ko shi na gaske ne, shi zai zo da kansa ko yaronsa zai turo? Zai kwana a Jos tun jajibere, ko sai da asuba zai kamo hanyar Keffi da Akwanga? Duk wanda za ka tura wa kuɗi, ka nemi sunan sana'arsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sana'o'i, ka ga sunan asusun banki ya dace da shi ko da sana'ar, kuma ka taka ka ga wurin aikinsa.

Ra'ayina, mai situdiyon gari ne ya fi kusa, muddin ya ci gwajin da na faɗa. Tsakaninku 50,000 ce. A nan zan roƙe ka ka ajiye halin kasuwa na matsa mutum har ya ce ya sallama. Ka bar masa ladan aikinsa, ka rage yawan aikin: albam mai ƙarancin shafi, firem ɗaya maimakon uku, a cire jirgin ɗaukar hoto daga sama in yana ciki, bidiyon kai amarya a taƙaita shi. Ragin da ka zaɓa da kanka ka san inda ya faɗa, wanda aka yi maka a ɓoye sai bayan biki za ka gani.

Duk abin da kuka daidaita a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma kuɗin da ka bayar a kan aikin da ba a yi ba nauyi ne a wuyan mai karɓa. Takarda ɗaya ta isa. A sa ranaku da wurare da lokutan kowane taro, sunayen waɗanda za su zo ɗauka, adadin hotunan da za a gyara, girman albam da shafukansa, da ranar da za a kawo kowane abu, misali hotuna cikin mako uku, albam da bidiyo cikin mako shida. A rubuta cewa za a ba ku hotunan a filashi ko ta Google Drive da cikakken girmansu, domin WhatsApp yana matse hoto, in an zo wanke babba sai ya farfashe. A rubuta wata nawa zai ci gaba da ajiye kwafi. A kuma rubuta abin da zai faru in an ɗaga biki, saboda rasuwa ko dokar hana fita, abin da mutanen Jos suka sani: kuɗin ya koma sabuwar rana, kada ya ƙone.

Biya kashi uku. Kafin alƙalami naira 140,000 ranar sa hannu, don ya riƙe maka ranakun. Sai 105,000 bayan an gama taro na ƙarshe. Cikon 105,000 sai albam da bidiyo sun shigo hannunka kun duba. Kowane biya ta banki, ka ajiye shaida. Yawancin kukan da ake yi da masu hoto ba a ranar biki yake ba, a jiran albam yake, kuma cikon nan shi ne ke sa a ɗaga wayarka.

Sai batun yaɗa hotuna, wanda ya fi kuɗin muhimmanci a gida irin naka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta bar haƙƙin hoto ga wanda ya ɗauka, amma ta ba wanda ya sa aka yi masa hoto don amfanin gida damar amfani da shi ba don kasuwanci ba, da ikon hana a baza shi ga jama'a, sai in sun yi wata yarjejeniya daban. Wannan "sai in" ɗin ne abin lura, domin wasu masu situdiyo suna da takardarsu da ke cewa ka yarda su yi talla da hotunan. Ka karanta kafin ka sa hannu, ka sa a rubuta ƙarara cewa ba za a sa hoton kowa a intanet ba sai da izininka da na ango. In ya ce yana son biyu ko uku don talla kuma kun amince, ku ne za ku zaɓa, kuma wannan dalili ne na ya yi maka ragi.

Kai ma akwai naka. Ka faɗa masa lokutan gaskiya, ka sa a ajiye musu abinci da wurin cajin batir, ka haɗa shi da mutum ɗaya a maza, ita kuma mai ɗaukar mata da wata 'yar gida da za ta riƙa nuna mata goggo da inna da kakanni, don baƙo ba zai san wace tsohuwa ce ta taso daga nesa ba. In ya cika alkawari, kada ka ja masa rai da ciko. Hadisi ya zo cewa a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe.

Amarya kuma kada a yanke hukunci a bayan idonta. Ka tafi da ita da mahaifiyarta situdiyon, ta nuna hotunan na Abuja da suka burge ta, mai situdiyo ya faɗi gaskiya ko zai iya irinsu. A ware mata awa ɗaya bayan kwalliya, kafin gida ya cika, a ɗauke ta a natse, a sa wannan awar ma a cikin takardar. In mai situdiyon ya faɗi gwajin hoton iyali, kana da sauran lokaci ka nemi wani a nan Jos a kan sharuɗɗan nan, shi ya sa nake so ka yi gwajin a cikin makon nan.