Na matse fim ya yi ƙarami, amma wuraren duhu sun lalace

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina kwafe finafinan da na saya a faifan Blu-ray zuwa kwamfuta, sannan in matse su da manhajar HandBrake don kada su cinye mini wuri. Fim mai gigabait 30 nakan mayar da shi gigabait 3. A waya ba na ganin wani aibu, amma a babban talabijin sai wuraren duhu su yi layi-layi, fuskokin 'yan wasa kuma su yi sumul kamar na roba. Idona ne, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Idonka lafiya lau, abin da ka gani yana nan. Fim na awa biyu a gigabait 3 yana samun wajen megabit 3 da ɗan kai a kowace sakan, alhali faifan Blu-ray yana iya ba hoto har megabit 40. Ka zubar da kusan kashi tara cikin goma na bayanan, dole wani wuri ya ji a jikinsa.

Manhajar matsewa ba ta zubar da bayanai da ka, tana bin raunin idon mutum ne. Ido ya fi lura da haske da duhu fiye da launi, don haka tun a faifan an riga an rage bayanan launi. Haka kuma cikin hotuna 24 da ke wucewa a kowace sakan, kaɗan ne ake ajiyewa cikakku, sauran kuwa abin da ya canja kawai ake rubutawa. Wannan dabarar tana aiki sosai idan mutum biyu suna zaune suna hira a wuri mai haske. Inda asirinta ke tonuwa shi ne ruwan sama, hayaƙi, ganye da iska ke kaɗawa, da kuma duhu.

Duhu ne ya fi damuna, domin a nan mutane suka fi yin asara. Hoto mai bit 8 yana da matakan haske 256 kacal, kuma kaɗan daga cikinsu ne suka faɗa ɓangaren duhu. Idan sararin samaniya da dare yana sauyawa a hankali daga shuɗi zuwa baƙi, manhajar ta haɗe matakan da ke kusa da juna, sai ka ga zobe-zobe a inda ya kamata launi ya narke. A faifan asali, ɓarɓashin nan da ke rawa a kan hoto, wanda finafinan da aka ɗauka da kyamarar fim suke da shi, shi ke rufe waɗannan matakai. To amma ɓarɓashin yana canjawa a kowane hoto, yana cin wuri ƙwarai, shi ya sa manhajar take fara share shi. Da ya tafi sai ya tafi da ƙofofin gashin fata da zaren tufafi. Fuskar robar da ka gani ke nan.

Waya kuwa ba ta nuna maka wannan saboda ƙanƙantar allonta. Ko talabijin ma nisa yana da tasiri: hoto mai layi 1080, idan ka zauna nesa da ninki uku na tsayin allon, idonka ya fara rasa ƙananan bayanai.

Shawarata, ka daina yanke wa fim girman da zai tsaya a kai. Ka bar HandBrake a tsarin da ke riƙe inganci ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, wato inda aka rubuta RF. Ƙaramar lamba tana nufin hoto mai kyau da fayil babba, kuma rage 6 a lambar yakan kusan ninka girman fayil. Ga hoton 1080, ka fara daga 20 zuwa 22. Za ka ga fim ɗin zane ya fito ƙarami, tsohon fim mai ɓarɓashi ya fito da nauyi, kuma haka ya dace. Idan talabijin ɗinka yana karanta H.265, wato tsarin matse bidiyo da ya fito a 2013, shekara goma bayan wanda ya gabace shi, H.264, ka zaɓi nau'insa mai bit 10. Matakan haskensa 1024 ne, yana rage zobe-zoben ko da faifan asali bit 8 ne. Ka kuma sassauta saurin matsewar, ka bar kwamfutar ta kwana tana aiki.

Kada ka gwada da fim gaba ɗaya. Yanko minti uku daga wurin da ya fi duhu, ka matse shi da lamba 18, da 20, da 22. Ka kalla a talabijin ɗin, a kujerar da ka saba zama, da hasken ɗakin da ka saba. Kada ka dakatar da hoto ka kanga ido a allo, domin babu mai kallon fim haka, kuma hoton da aka tsayar yana fito da aibun da ba a gani cikin motsi. Lamba mafi girma da ka kasa bambance ta da asali, ita ce taka. Faifan kuma ka adana shi, don duk lokacin da za ka sake matsewa, daga gare shi za ka fara, ba daga fayil ɗin da ka riga ka matse ba.