Ku Tambaya, Mu Amsa: Gangamin Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa Daga Ƙauye Zuwa Filin Taro

Wani dattijo manomi daga yankin Kafin Hausa ya rubuto: Tun da nake jefa ƙuri'a ban taɓa ganin mai neman shugaban ƙasa ya tsaya a garinmu ba. Sai dai mu ji jiniya, mu sha ƙura. Raini ne ko me?

Baba, raini yana iya shiga ciki, amma lissafi ya fi yawa. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba da kwana 150 na yaƙin neman zaɓe, a rufe awa 24 kafin ranar ƙuri'a. Da ita aka buɗe kamfe ranar 28 ga Satumba, 2022, aka yi zaɓe 25 ga Fabrairu, 2023. Ƙananan hukumomin ƙasar nan 774 ne. Ko da ɗan takara zai riƙa zuwa ɗaya kullum ba fashi, sai ya haura shekara biyu bai gama ba. Shi ya sa kowace jiha take samun yini ɗaya, wani lokacin ma rabin yini, a haɗa ta da maƙwabciyarta.

Yinin kuwa a tsare yake tun kafin ya taso. Jirgi ya sauka a Kano ko Dutse, a wuce fadar sarki gaisuwa, a gana da malamai da 'yan kasuwa da shugabannin jam'iyya a ɗaki, sannan a nufi fili. Kowane zango yana cin abin da ya fi wanda aka rubuta masa, domin akwai masu kirari, akwai masu son hoto, akwai jawabin da ba ya ƙarewa. Taron da aka sanar ƙarfe goma na safe, sau da yawa sai bayan la'asar mai gayya zai hau dandamali, ya yi magana ta ɗan lokaci, ya ɗaga hannun ɗan takarar gwamna, ya miƙa tuta, a ruga filin jirgi kafin duhu. Jami'an tsaronsa ba sa yarda a tsaya inda ba a bincika ba tun jiya, don haka ko ya ga kun yi cincirindo a bakin titi, iyakarsa ɗaga hannu ta saman mota.

Waɗanda za su shigo ƙauye su ne masu neman majalisar jiha da ta tarayya, wani lokaci da mai neman gwamna. Su ne ke ɗauke da fastarsa, kuma su za ku iya tarewa ku tambaya.

Sakataren jam'iyya na wata mazaɓa a Ringim: An ce mu kawo mutane Dutse ranar gangami. Wancan karon mun dawo da rigima, wasu ma a ƙafa suka kwana a hanya. Yaya ake tsara abin?

Malam sakatare, rigimar da kuka dawo da ita tun a gida kuka tafi da ita. Kusan kullum daga abu uku take tasowa: ba a rubuta sunaye ba, ba a ƙulla magana da direba ba, kuma ba a faɗa wa mutane abin da za a ba su ba kafin su hau mota.

Fara da kujeru, ba da kawuna ba. Bas ƙirar Hummer mutum 18 take ɗauka. In mota uku aka ba mazaɓarku, mutum 54 ke nan, ciki har da jagora ɗaya a kowace mota. Raba kujerun nan bisa rumfunan zaɓe, kowace rumfa ta san rabonta, don kada unguwar shugaba ta cinye duka, mutanen rugage da ƙauyukan gefe su ji an ware su. Irin wannan haushin har akwati yake bin mutum. Mata a ware musu motarsu, shugabar mata ta jagorance su. Kowane jagora ya riƙe takarda mai suna da lambar waya, ya kira suna kafin a tashi, ya sake kira kafin a juyo.

Direba kuwa, ta hannun shugabannin tasha za ka ɗauke shi, ba a bakin titi ba, domin in ya saɓa akwai inda za a kai ƙara. A yi ciniki na zuwa da dawowa, a faɗi cewa dawowar za ta iya kaiwa dare. A ba shi kuɗin mai da rabin haya da safe, ragowar sai ya sauke mutane a gida. Wanda aka biya duka tun safe, da ya ga azahar ta wuce ba labarin baƙo, sai ya tuna akwai fasinja a tasha. Can ne mutanenku suka kwana a hanya. Duba ranar kuma. In ta faɗo ranar babbar kasuwa, kamar Alhamis ta Maigatari, Juma'a ta Wudil ko Lahadi ta Dambatta, motocin yankin duk suna da aiki, haya za ta tashi, wasu direbobin ma za su karɓi kafin alƙalami su ƙi zuwa.

Ruwa: jakar fiya wata leda 20 ce. Mutumin da zai yini a rana yana buƙatar aƙalla leda huɗu, wato jaka huɗu a kowace mota, ragowar ta direba da ko-ta-kwana. Ku saya daga gida, a bakin fili tsada yake yi, kuma yakan ƙare. Abinci a ci kafin a shiga, don wanda ya fita neman abinci da wuya ya sake samun shiga.

Sai maganar kuɗin mota, wadda ita ce uwar rigima. Kuɗin yana gangarowa ne daga jiha zuwa ƙaramar hukuma zuwa mazaɓa, kowane hannu kuma yana lasa. Kada ka yi alƙawarin adadin da ba ka riƙe a hannu ba. In ka karɓa, ka ƙirga a gaban shugaban mazaɓa da shugabar mata da shugaban matasa, a faɗa wa kowa rabonsa kafin mota ta tashi, a raba a cikin mota lokacin dawowa, suna bayan suna. Wanda ya fito da kuɗi a bakin fili, a gaban 'yan jagaliya, ya sayi fitina da kansa.

Abu na ƙarshe, babu hawa saman mota, babu zama a taga, babu tsere da ayarin wata mazaɓa. Haɗuran ranar gangami sun fi aukuwa a dawowa, direba ya gaji, dare ya yi, yara suna zuga shi. Kuma kada gora ko adda ta shiga motarka ko da sunan kare kai ne. In an kama, kai da ka rubuta sunaye za a fara nema.

Wata uwa daga Gaya: 'Ya'yana mata biyu sun nace sai sun je. Ni turmutsutsu nake tsoro.

Hajiya, tsoronki yana kan hanya. A watan Fabrairun 2019, a gangamin Shugaba Muhammadu Buhari a Fatakwal, mutum fiye da goma sun rasu, kuma ba a tsakiyar fili ba, a ƙofar fita ne bayan an gama jawabi. Haka abin yake zuwa: baƙo ya sauka daga dandamali, dubban mutane su juya lokaci guda suna son bin ayarinsa, ƙofa kuwa ɗaya ce a buɗe, ko rabinta. Wuri na biyu mai haɗari shi ne gaban dandamali, inda ake watso huluna da riguna da atamfa, na baya su danno, na gaba su matse da shingen ƙarfe.

Ki ce musu su zauna a gefe, sama-sama in akwai matakala, su lura da ƙofa ta biyu tun shigarsu. In an tashi, su bari a yi kamar rabin awa kafin su motsa. In matsi ya kama su har ba sa iya ɗaga hannu su taɓa fuska, su dunƙule hannuwa a ƙirji don numfashi ya samu wuri, su bi inda taron ya nufa suna zamewa gefe kaɗan-kaɗan. Takalmi ko waya in ta faɗi, a bar ta, sunkuyawa ce ke kayar da mutum. Mayafi a naɗe shi, kada ya ja ƙasa. Mai goyo da mai ciki da ƙananan yara, gida ya fi musu, rediyo zai kawo jawabin.

Wani matashi mai shagon cajin waya a Kazaure: Muna gardama kullum. In fili ya cika ya batse, ba shi ke nan an ci jihar ba?

Ɗan'uwa, fara da auna filin. Filin ƙwallo cikakke tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68, wato murabba'in mita 7,140. In mutum huɗu suka tsaya a kowane murabba'i, wanda matsi ne sosai, ba su kai 29,000 ba. Ƙara na kan kujeru da na waje, har yanzu kana cikin dubbai. To, masu rajista a Kano a 2023 sun haura miliyan 5.9. Duk wanda ya ce maka mutum miliyan ɗaya sun shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, sojan baka ne yana aikinsa. Mai ɗaukar hoto ma ya san aikinsa, yakan tsaya inda taron ya fi kauri, a lokacin da mawaƙi yake kan dandamali.

Sannan su wa ke cikin taron? Akwai 'yan jam'iyya na gaske, akwai 'yan kallo, akwai masu talla, akwai yaran da ba su kai 18 ba, akwai waɗanda aka kwaso daga jihar maƙwabta, akwai kuma wanda hula uku gare shi a gida, kowace da ranarta.

Dubi sakamakon 2023. A Kano manyan 'yan takara duk sun tara jama'a, amma Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu 997,279, Bola Tinubu 517,341, Atiku Abubakar 131,716. A Jigawa Tinubu ya samu 421,390, Atiku 386,587. Tazarar 34,803 ce, a jihar da ke da rumfuna sama da 4,500. Raba ka gani, ba ta kai ƙuri'a takwas a kowace rumfa ba. Wannan aikin ejan ne da mai bi gida-gida yana tambayar wa ya karɓo katinsa, ba aikin lasifika ba.

Ka kuma san cewa ba don ya ci jiha kaɗai ɗan takara yake zuwa ba. Tsarin mulki ya ce ban da rinjayen ƙuri'u, sai ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24. Tinubu ya faɗi Kano, amma ya haye wannan kason, kuma ƙuri'unsa na Kano sun fi na Jigawa da ya ci.

Wani ladan daga Dawakin Tofa: Sun ce za su biyo masallacinmu ranar Juma'a. Ya halatta?

Malam, ya zo ya yi salla, ba mai hana shi. Amma dokar zaɓe ta 2022 ta hana yin kamfe a wuraren ibada da ofisoshin 'yan sanda da ofisoshin gwamnati. Kada a ba shi lasifikar masallaci, kada a liƙa fasta a bango, kada a raba komai a harabar. Ku faɗa wa masu shirya ziyarar tun kafin ranar, ba a gaban baƙo ba.

Shugaban ƙungiyar manoman rani daga Auyo: An ce za a ba mu minti biyar da shi a ganawar masu ruwa da tsaki. Me za mu ce?

Minti biyar ɗin zai iya komawa biyu, don haka ku bar kirari ga maroƙa. Ku rubuta shafi ɗaya, buƙata ba ta wuce uku ba, kuma kowace ta zama abin da ke hannun gwamnatin tarayya. Rijiyar burtsatse da gyaran firamare na ƙaramar hukuma da jiha ne, in kun kawo su nan kun ɓata damarku. Naku shi ne abin da ya shafi Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are: yashe magudanan ruwa, cire ciyawar kacala da ta toshe kogi, tsarin sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa yadda za a sanar da ku kafin a buɗe, da maganin ambaliya irin ta 2022. Ku ambaci sunan wuri da yawan kadada da adadin manoman da abin ya shafa, gwargwadon abin da ke cikin rajistarku.

Ku buga kwafi uku. Wanda kuka miƙa masa a hannu zai wuce ga dogarinsa, daga nan kuma sai Allah. Na biyu ku ba ɗan takarar sanata ko na majalisar wakilai na yankinku, ya sa hannu a na ukun da kwanan wata, ku ajiye shi a fayil ɗin ƙungiya. Mutum ɗaya ya yi magana, wanda ba ya cikin rikicin ɓangarorin jam'iyya, wani kuma ya tsaya gefe ya ɗauki amsar a waya. In wani ɗan takarar ya zo mako mai zuwa, ku kai masa takardar nan ba tare da canza ko layi ɗaya ba.