Tsohon ramin zinaren Turawa a Birnin Gwari: saura nawa a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakana ya yi leburanci a wajen haƙar zinare na Tsohon Birnin Gwari tun zamanin Turawa, yana ba mu labarin cewa yaƙi ne ya kore su, ba zinaren ne ya ƙare ba. Yanzu mu biyar muna son mu haɗa kuɗi mu sayi injin jan ruwa mu buɗe ɗaya daga cikin tsofaffin ramukan. Kuma mun ji ana cewa zinaren Birnin Gwari ya fi na Afirka ta Kudu yawa. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar kakanka akwai gaskiya a ciki sosai, yaƙi yana cikin abin da ya tashi wurin, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma sauran dalilan suna nan a cikin ramin suna jiran duk wanda ya shiga. Ita kuwa maganar Afirka ta Kudu, don Allah ka cire ta daga lissafinka tun yanzu, zan zo kanta.

Bari mu fara da yadda aka yi Turawan suka zo wurin. Tsakanin 1904 da 1909 an yi wani zagayen binciken ma'adinai a Arewa, wani masanin duwatsu J. D. Falconer yana cikin waɗanda suka yi shi, sannan a 1919 aka kafa hukumar safiyon ƙasa ta Najeriya. Zinare an fara rubuta shi a takardun gwamnati tun 1913, amma ba wanda ya damu da shi sosai lokacin, hankalin kowa yana kan kuzar Jos. Abin da ya juya lamarin kasuwa ce. Tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, farashin kuza ya faɗi, masu haƙa da yawa suka rasa abin yi, sai Ingila ta raba kuɗinta da zinare a 1931, farashin zinare ya tashi, Amurka kuma a 1934 ta ɗaga farashin oza ɗaya ta zinare, wato wajen giram 31, daga dala 20.67 zuwa dala 35. To kaga mutumin da kuza ta karya shi kuma yana da diga da shebur da lebura, ai ba sai an ce masa tafi ba. Haka aka bazu yankin Minna da Birnin Gwari da Maru da Anka da Yawuri. Wani jami'in safiyo W. Russ ya bi yankin ya zana taswirar duwatsunsa saboda zinaren, rahoton nasa bai fito a buge ba sai 1957.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, yawancin masu wannan aikin ƙananan 'yan kasuwa ne, ba manyan kamfanoni irin na Obuwasi a Ghana ba. Kuma mafi yawan zinaren da aka samu a Najeriya a waɗancan shekarun wanki ne, daga yashin rafi da tsakuwar gangare, ba fasa dutse ba. Tsohon Birnin Gwari yana cikin 'yan wuraren da aka bi jijiyar dutsen kanta, kuma abin da bayanan gwamnati suka ambata an fitar a can a shekarun 1930 shi ne oza ɗari shida da wani abu, wato wajen kilo 19. E, na san ba duk abin da ya fito ne yake shiga littafi ba, zinare tun fil azal ana ɓoye shi a aljihu, amma ko ka ninka adadin sau biyar har yanzu ƙaramin wuri ne.

Sai yaƙin duniya na biyu. Japan ta kama Malaya, wato ɓangaren Malesiya ta yanzu, a farkon 1942, Ingila ta rasa kuzar da ake haƙowa a can, sai aka juyo kan Jos da ƙarfi har da aikin tilas, aka kwashi mutane daga lardunan Arewa aka kai su filayen kuza. Wuraren zinare suka rasa lebura, suka rasa kayan gyaran inji. Bayan yaƙi kuma farashi ya tsaya cak a dala 35 har ƙarshen shekarun 1960 alhali kuɗin aiki yana ta hawa, don haka ba wanda ya ga ribar komawa. An kafa kamfanin haƙar ma'adinai na gwamnatin tarayya a 1972, ya ɗan taɓa binciken zinare a shekarun 1980, abin bai yi nisa ba, lokacin fetur ya riga ya ɗauke hankalin gwamnati. Waɗanda suka ci gaba da aikin a zahiri 'yan haƙar gargajiya ne, su ne ma suka bi layin, wato jijiyar dutsen mai zinare, har suka gano na Kwaga da ke kusa. Daga ɓangaren ilimi kuma Farfesa Ibrahim Garba na jami'ar Ahmadu Bello, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar, ya yi nazarin sinadaran duwatsun wurin ya wallafa a 2002.

Yanzu mu shiga ƙasa, don a nan amsar take. Dutsen da ke ɗauke da zinaren nan asalinsa laka ce da yashi da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa. Wajen shekara miliyan 600 da suka wuce manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo a wannan yanki namu, matsi da zafi suka gasa lakar ta koma dutse mai ɓarewa falle-falle, ta nannaɗe, ta miƙe tsaye tana bin kudu da arewa. Irin wannan zirin dutse akwai shi da dama a rabin Najeriya na yamma, na Tsohon Birnin Gwari ana kiransa zirin Kushaka. A wannan zamanin ne kuma manyan duwatsu irin su Kufena da Kwatarkwashi suka narko daga ƙasa suka daskare. Da matsin ya zo ƙarshe sai ƙasa ta tsage, babbar tsagar da ta ratsa yankin ita ce ta Kalangai. Ruwa mai tsananin zafi, wajen digiri 300, ɗauke da farar wuta da narkakken zinare, ya riƙa bin tsagar yana hawowa, yana kutsawa cikin ƙananan tsagogin da ke gefenta, inda ya huce sai ya ajiye farin dutsen nan mai ƙyalli da 'yan haƙa suke bi suna ce masa layi. Zinaren yana cikin farin dutsen da kuma gefensa.

A Tsohon Birnin Gwari dutsen da layin ya ratsa baƙi ne, idan ka murza shi yana ɓata hannu, saboda akwai sinadarin nan na bakin fensir a jikinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi baƙin sinadarin idan ruwan zafin ya taɓa shi yakan sa zinare ya saki ya kwanta, shi ya sa wurin ya samu. Amma kuma shi ɗin dai yana iya zama matsala a wajen tacewa, domin idan aka jiƙa garin dutse da sayanaid, wato gubar da ake narkar da zinare da ita, baƙin sinadarin yakan sake zuƙe zinaren da ya narke, sai ka ga awo ya nuna akwai amma abin da ya fito bai kai ba. Layukan da aka bi a wurin sun kai tsawon wajen kilomita 7, na Kwaga wajen 3, sai dai kada tsawon ya ruɗe ka, ba jijiya ɗaya ce mai kauri a miƙe ba, sirara ne da yawa, nan ta kumbura, can ta tsuke, gaba kaɗan ta ɓace sai an yi ta nema.

Kuma ko a cikin layin zinaren bai bazu daidai ba. Kamar nama ne a miyar gidan biki, wani ya ɗebo ya samu tsoka biyu, na kusa da shi romo zalla. An auna samfura a wurin daga giram 5 a tan har zuwa giram 100, amma wanda ya samu dutse ɗaya mai giram 100 ya yi lissafin ramin gaba ɗaya a kansa ya cuci kansa. Ka lissafa da kanka, tan ɗaya buhu 20 ne mai kilo hamsin-hamsin. Idan layin kaurinsa rabin mita ne yana ba da giram 9, kai kuma dole ka buɗe mita ɗaya da rabi kafin mutum ya samu wurin aiki, to abin da kake ɗagowa sama giram 3 ne a tan, sauran duk dutsen banza ne da ka biya kuɗin fasa shi.

Ga kuma babban abin da ya shafi injin jan ruwanku. Daga saman ƙasa zuwa inda ruwa yake, damina da rani na dubban shekaru sun riga sun ruɓar da dutsen, ya yi ja, ya yi taushi, ƙarfen da ke riƙe da zinaren ya yi tsatsa ya sake shi, diga ma tana isa, ka niƙa ka wanke ka gani a kasko. Wannan ɓangaren mai sauƙi shi Turawa suka ci, abin da suka bari 'yan gargajiya suka bi suka kwashe. Ƙasa da ruwa labari ya canza. Dutse ne ɗanye mai tauri sai da nakiya, kuma wani kaso na zinaren yana kulle a cikin wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa da ake kira fairait, wanda sabon shiga yakan ɗauka zinare ne, shi kuwa ko ka niƙa ka zuba makuri, wato zaiba, ba ya kama na cikinsa yadda ya kamata. Wato ramin da ka ga an bari cike da ruwa, sau da yawa a daidai nan ne aikin ya fi ƙarfin mai shi.

Ni dai ba zan ba ku shawarar shiga tsohon rami ba, wallahi. Katakon da aka tokare shi da shi ya shekara sama da tamanin a jiƙe. Ruwan da ke ciki yana taimakawa wajen riƙe bangon, kuna janye shi bango zai fara saki. Ga iskar ƙasan rami da ba ta da wari amma tana kashewa, musamman idan an sauke janareto ko injin fetur ciki, an sha rasa matasa ta haka, na farko ya faɗi, na biyu ya sauka ɗauko shi ya faɗi.

Sannan dalma. A cikin ma'adinan da ke tafiya da zinaren yankin nan akwai dutsen tozali, shi kuwa dalma ce. A 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara yara wajen 400 suka rasu saboda ana kai dutse gida ana niƙawa a tsakar gida. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28, kuma Rafi maƙwabciyar Birnin Gwari ce. Duk abin da za ku yi, dutsen haƙa kada ya shiga gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, kayan aiki a cire su a wanke jiki kafin a ɗauki yaro.

Maganar Afirka ta Kudu kuwa, nasu wani irin abu ne daban. Tsohuwar tsakuwar koguna ce da ta kwanta shimfiɗe kusan shekara biliyan 3 da suka wuce, tana tafiya ɗaruruwan kilomita, an gano ta a 1886 kuma an fitar da sama da tan 40,000 daga cikinta, wasu ramukan sun kusa kilomita 4 zurfi. A 1970 kaɗai sun fitar da wajen tan 1,000, abin da suka samu a wata ɗaya na wannan shekarar ya fi duk abin da aka rubuta Najeriya ta fitar a zamanin Turawa. Kafin a ce wuri yana da tan kaza sai an huda shi da injin haƙa irin na burtsatse, ɗaruruwan ramuka a jere, a zaro dutsen a auna mita bayan mita, kuma ba a yi wa Birnin Gwari irin wannan aikin da zai ɗauki waccan magana ba. Wannan ne abin da yake ci min rai game da wurin, layi mai tsawon kilomita 7 a gefen babbar tsaga, cikin baƙin dutse irin wanda ke ɗauke da zinaren Obuwasi, ya cancanci a bincike shi da gaske, rashin tsaro da rashin jari suka hana. Dubi Segilola a jihar Osun, shi ma tsohon wurin haƙa ne da aka bari, sai da aka shekara da shekaru ana huda ana awo aka tabbatar da oza dubu 500 da ɗoriya a kan wajen giram 4 a tan, sannan kamfanin Thor ya gina masana'anta ya narka zinaren farko a 2021.

Kuɗin da kuka haɗa, ku fara da takarda. Ku yi rajistar ƙungiyar haɗin kai, ku duba a ofishin rajistar filayen ma'adinai na Abuja ko wurin yana cikin lasisin wani, domin a dokar 2007 ma'adinai na gwamnatin tarayya ne kuma yawancin wuraren da aka sani an riga an yanka su, sannan ga yardar masu ƙasa da ta masarauta, ga tambayar halin tsaro daga mutanen garin kansu kafin ku taka. Bayan haka ku ɗauki masanin duwatsu ya bi layin a sama, ya yanki samfur a gicciye daga wannan gefen layi zuwa wancan a wurare da yawa, ba zaɓen dutse mai kyau ba, a kai ɗakin awo na hukumar safiyon ƙasa da ke Kaduna, a auna zinare a auna dalma tare. Ku haɗa har da tarin ɓaraguzan da aka zubar a bakin tsofaffin ramukan, don injinan wancan zamanin suna barin zinare a baya, kuma auna wannan ba ya buƙatar kowa ya sauka ƙasa. Idan sakamakon ya dawo ka turo min lambobin tare da kaurin layin a kowane wuri, sai mu lissafa ko ya isa a fara sabon rami a gefe.