Shin 'Yata Ta Manta Mahaifinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Makka muke zaune, maigida kuma yana aiki a Riyad, sai bayan wata biyu yake zuwa. 'Yarmu wata bakwai gare ta. Tana kwaikwayon yayanta in ya buga cokali a faranti, amma da babanta ya ɗauke ta sai kuka. Ta manta shi ne?
Wata uwa, daga Makka

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, wata biyu ne ya yi wa ƙwaƙwalwarta tsawo. Masaniyar halayyar yara a Amurka, Carolyn Rovee-Collier, ta ɗaura zare daga ƙafar jarirai zuwa abin wasa da ke rataye a samansu, in sun shura ya motsa. Ɗan wata 2 yakan riƙe darasin kwana ɗaya ko biyu, ɗan wata 3 kusan mako, ɗan wata 6 wajen mako biyu. Abin da ya fi shafar ki shi ne: in aka sake nuna wa jaririn abin wasan na ɗan lokaci, abin da ya manta yakan dawo. Kada a gwada zaren a gida, yana iya naɗe yaro.

Ga kuma ƙiwa, wadda takan kunno kai tsakanin wata 6 zuwa 9, alamar ta fara bambance na gida da baƙo. Yayanta kullum tana ganinsa, shi ya sa take kwaikwayonsa. A waɗannan watannin, abin da aka maimaita a gabanta ne yake zama.

Kuskuren da ake yi shi ne miƙa masa ita tun daga bakin ƙofa. Ki riƙe ta, ya zauna kusa yana hira da ke, har ita ta kai masa hannu. Ya zaɓi lokacin da ta ƙoshi ta tashi daga barci. Ya yi abu ɗaya, kamar buga kofi ko cewa "ba-ba", ya dakata daƙiƙa biyar zuwa goma, sannan ya sake. In ta yi wani sauti, shi ma ya kwaikwaye ta. Yana Riyad kuwa, ya riƙa kira a waya kullum da kirari ɗaya ko waƙar reno ɗaya, kina amsa masa tana jikinki.

In ba ta juyowa ga sauti, ba ta murmushi ga na gida, ko ta kai wata 9 ba gwalantu, ki faɗa wa likita ranar rigakafi a duba jinta.